Wa Zai Kai wa Raken Baba Tsoho Ruwa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Kakanmu na wajen uba, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, ya rasu da hantsin wata Laraba bayan ɗaukewar damina. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Aikin da aka ba ni ranar shi ne jera takalman mata a ƙofar ɗakin Kaka. Na so aikin, domin mai jera takalma kanta a ƙasa yake, ba wanda zai ce ta yi magana. Daga nan ƙasa na ga yadda kowa ya karɓi rasuwar.

Goggo, ƙanwar Abba, ta shigo da takalmi ƙafa ɗaya. Ɗayan a cikin keke ta baro shi, ba ta ma sani ba. Matar Baffa, ƙanin Abba, ta zo daga GRA da manyan kulolin abinci, ta yi gaisuwa a hankali, ta zauna bakin tabarma tana ta gyaran mayafi. Tsohuwar da ke gasa masara a bakin titin Ƙofar Sauri kuwa ba ta ko tsaya cire nata ba. A tsakar gida ta durƙushe, tafin hannunta baƙi ƙirin da gawayi, tana cewa, "Masarar farko ni yake fara kawo mawa. Kowace shekara ni." Sai da mata biyu suka kama ta. Kaka ba ta yi kuka ba. Tana zaune a ƙuryar ɗaki da carbi, duk wadda ta ce "Ya haƙuri?" sai ta amsa, "Haƙuri sai ma'abocinsa," ba ta ɗago ba.

Can wata maƙwabciyarmu, tsohuwa mai ɗan nauyin ji, ta yi magana da ƙarfi yadda ta saba.

"Ashe ko raken nashi ba a sare ba? Allah sarki. To wa zai riƙa kai mashi ruwa?"

Umma tana zuba wa baƙi kunu a lokacin. Na ga kofin ya cika, kunun ya bi yatsunta ya sauka kan tabarma, ba ta daina zubawa ba sai da Goggo ta taɓa ta.

Kowa ya san amsar. Abba ne babba. Kuma kowa ya san hanyar. Gonar Baba Tsoho tana wata fadama a bayan gari, kuma shekarun nan 'yan bindiga suna tare wannan hanyar, su ɗauke wanda suka ga dama. Tun daga wannan tambayar tsoro ya shige ni, ya zauna kusa da baƙin cikin. Ina rubuta wannan ne don kada a manta da Baba Tsoho, amma ba zan iya rubuta shi ba tare da tsoron ba, domin tare suka zo mani.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mani, shi ya sa yake ce mani Uwata. In na gaishe shi da safe murya can ciki, sai ya kara hannu a kunne ya ce, "Wa ke magana? Sauro ne ko Uwata?" Bai taɓa matsa mani in yi surutu ba. Yakan ce gidan nan masu magana sun isa, a bar mashi mai kallo guda.

Sau ɗaya na taɓa zuwa fadamar, ina ƙarama, kafin hanya ta lalace. Abin da na riƙe kaɗan ne. Raken ya fi Abba tsawo, ganyensa yana yanka hannu. Ruwa yana fitowa daga baƙin tiyo yana bin ƴan hanyoyin da aka yi mashi, Baba Tsoho na tafe a gabansa da fartanya, ya buɗe nan ya toshe can, kamar mai kora tumaki. A gefen rijiya akwai wani tsohon itace mai baki biyu a kafe. Ya ce wannan ƙafar jigo ce, da ita mahaifinsa ya yi ban ruwa, guga bayan guga.

"Da, kafaɗa ke shayar da rake," in ji shi. "Yanzu inji. Amma dai sai wani abu ya ƙone kafin ki ji zaƙi. Da tuwo ke ƙonewa cikin mutum, yanzu fetur ke ƙonewa cikin ƙarfe."

Yana son kwatanta rake da masara, musamman da yamma in ya zauna kan buzunsa yana fere mana. Wuƙarsa ƙarama ce mai ƙotar ƙaho, kuma ba ya yarda a ciji gaɓa da haƙori a gabansa. Ya ce masara baƙuwa ce: ta zo, ta ci taki da yawa, ta sha ruwanta, ƴan watanni ta yi sallama. Rake kuwa ɗan gida ne, kusan shekara yana zaune, bakinsa buɗe. "Masara taki take ci, rake mai yake sha. Duk wanda ya shuka su biyun da rani ya aje mayunwata biyu."

Wata rana na dawo daga makaranta da abin da malamar kimiyya ta koya mana, cewa takin zamani ma da iskar gas ake haɗa shi a masana'anta. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na iya faɗa masa. Ya ajiye wuƙar ya dube ni.

"Kai! Ashe ita ma munafukar wuta take ci, a ɓoye?" Ya ɗaga murya ya kira Kaka. "Kin ji? Masarar taki da kike cewa ba ruwanta!"

Kaka ta ce daga madafa, "Ni dai ba ni na ce ka shuka ba."

Sati guda yana ba mutane labarin a ƙofar masallaci, yana cewa Uwata ce ta gano. Ni kuwa na daina bi ta ƙofar masallacin.

Ranar da na fara sanin tsoron hanyar ina aji ɗaya na sakandare. Baba Tsoho yana da wani tsohon babur mai hayaƙi, a bayansa yake ɗaure jarkar fetur ya tafi. Ran nan ya dawo tun kafin azahar, ba jarka, ba waya. Ya jingine babur ɗin a zaure, ya shigo ya zauna kan buzu bai cire hula ba. Kaka ta tambaye shi lafiya. Ya ce, "Lahiya lau. An amshe man." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ni na kai masa ruwa. Fuskarsa yadda take kullum, muryarsa ma haka. Amma babban yatsan ƙafarsa na dama yana rawa shi kaɗai a kan buzun, yana ɗagawa yana sauka. Ya ga ina kallo. Sai ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafar.

Daga baya muka ji sauran a bakin wasu. Mutanen daji ne suka tare shi. Fetur suke nema wa baburansu. Sun duba nasa babur ɗin suka yi dariya, suka ce ya tafi da tsiyarsa. Wani mutum da aka tare tare da shi, mai sabbin kaya da agogo, ba a bar shi ya tafi ba.

Bayan nan abubuwa suka haɗu masa. Ɗaukar mai a jarka ya zama abin tuhuma a wurin jami'an tsaro, ya kuma zama abin kwaɗayi a wurin mutanen daji. Sannan fetur ɗin kansa ya yi tashin da manoma da yawa suka jingine injinansu. A nan ne wani makaniki a Ƙofar Durbi ya fara juya injin ban ruwa ya koma aiki da gas ɗin girki. Baba Tsoho ya kai nasa. Abin da ya rage tukunya, kuma tukunyar gas guda ce a gidanmu, wadda Baffa ya saya wa Kaka saboda hayaƙin itace yana tayar mata da tari.

Da safe Kaka ta shiga madafa ta ga murhu a zaune ba tukunya.

"Malam, ina tukunyata?"

"Aro na yi."

"Aro? Da wa ka yi shawara?"

"Da injin."

"To injin ya dafa maka tuwon dare."

Ban taɓa ganin sun yi faɗa mai tsawo irin wannan ba. Kaka ta koma itace, kuma duk tarin da za ta yi sai ta zo daidai ƙofarsa ta yi shi. Shi kuma in ya dawo sai ya ajiye mata rake mafi kauri a bakin ɗaki, ita kuma ta ba akuya. Sai da Baffa ya gaji ya sayo wata tukunyar aka samu lafiya. Ko a nan ma ta ce sabuwar ba ta kai tata ba.

A tsakar gida aka fara gwada injin. Makanikin ya haɗa siririn tiyo daga tukunya zuwa inji, ya shafa kumfar sabulu a mahaɗar, ya ce in kumfar ta yi ƙwai to yana yoyo. Da ya murɗa kan tukunyar na ji wani siririn huci, sai warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Goggo ta suri ɗanta ta yi waje. Umma ta shige ɗaki tana salati. Ni kuwa na tsaya jikin randa ina jiran fashewa. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, gidan duka ya ɗauki ƙara.

Da aka kashe, Baba Tsoho ya yafuto ni. Na girgiza kai. Ya taso da kansa ya kama hannuna, ya ɗora tafina a jikin tukunyar. Sanyi ƙalau, har da raɓa.

"Kin ji? Ita ma tsoro take ji, gumi take," ya ce. Sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Abin da ya sa nake sonta, Uwata, babur ɗinsu ba ya shan gas."

Daga ranar, in zai fita sai ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta saboda rana, ya ɗaure ta tsaye da igiyar roba. Ba ya yarda ta kwanta. Ni ke riƙe masa bakin igiyar. In ya tafi ina jin ƙarar babur ɗin har ta ɓace, in na dawo makaranta kuma zaure nake fara dubawa. In babur na nan, sai in ji yunwa. In ba ya nan, ko an zuba mani abinci ba ya wucewa.

Akwai abin da ya kamata wanda ba ɗan gidanmu ba ya sani. Abba ɗan fari ne, kuma iyayensa mutanen da ne masu kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa zama hira da shi, ba sa nuna sun damu da shi a gaban mutane. Kaka takan ce "wancan". Baba Tsoho yakan ce "mutumin ofis", don Abba ma'aikaci ne a sakatariya. In suna da magana da shi, sai su faɗa wa wanda ke kusa, ko da shi yana tsaye a wurin. Baffa da Goggo kuwa ana wasa da dariya da su. Abba bai taɓa cewa komai ba, amma na sha ganin yadda yake tsayawa a bakin ƙofa in ana dariyar, kamar baƙo mai jiran a ce ya shigo.

Faɗansu mafi zafi a kan fadamar ne. Bayan abin da ya faru da jarka, Abba da Baffa suka same shi a zaure. Ina bayan ƙyaure da tiren shayi, na kasa shiga na kasa komawa. Baffa ya ce a sayar da gonar. Baba Tsoho ya ce ba a sayar da inda ƙafar jigon ubansa take. Baffa ya ce to zai sa masa inji mai aiki da hasken rana, ba mai ba gas.

"Wanga mai ƙyalli kamar madubi? Ka kafa mani shi tsakiyar daji, a hango daga nesa a ce ga gonar mai ɗa a GRA?"

Sai Abba ya yi magana, kansa a ƙasa. "Baba, to ni in riƙa zuwa ranar Asabar da Lahadi. Ko in riƙa raka ka."

Baba Tsoho bai dube shi ba. Baffa ya kalla.

"Gaya wa mutumin ofis, hannun biro ba ya tada inji. In ya je mi zai yi mani? Ya tattake mani kunya da takalmin gwamnati? Ban son ganin ƙafarshi a gonata."

A gaban ƙaninsa ya faɗa. Abba ya ce, "Allah Ya huci zuciyarka," ya tashi. Ya wuce ni a bayan ƙyaure bai gan ni ba. Kunnuwansa na gani, sun yi ja. Ranar na ji haushin Baba Tsoho, washegari da safe na ƙi riƙe masa igiya. Ya taka bakin igiyar da ƙafa ya ɗaure abinsa.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, ba zan ce haka ba don ya rasu. Yana da taurin kai, kuma bakinsa na da kaifi. Amma shi ne in ya gama shayar da nasa, in da sauran gas, sai ya ja tiyo ya ba maƙwabcin da injinsa ke jingine. Shi ne ke tara wa wani Bafulatani da ke zaune kusa da fadamar karan masara da kan rake saboda shanunsa, shi kuma ya kwanar da shanun a gonar su bar taki. Baba Tsoho yana kiransa abokin cinikin da ba a taɓa kuɗi. Kuma shi ne ranar da na faɗi jarrabawar lissafi na ɓuya a bayan ɗakin kaji, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni, ya fere rake, ya yanka ƙanana ya jera kan murfin kwano, ya tura mani. Bai tambaye ni komai ba. Da na cinye ya ɗauki murfin ya tafi.

A damina ta ƙarshe ya rame. Zoben azurfarsa ya koma yatsan tsakiya, daga baya ya naɗa masa zare. In ya dawo sai ya daɗe a zaure yana maida numfashi kafin ya shigo, don kada Kaka ta gani. Da ruwa ya ɗauke ya ci gaba da zuwa, har ranar da ya dawo ya kwanta bai ƙara fita ba. An kai shi asibiti, an dawo da shi. Maganar gona bai yi da kowa ba, mu ma ba wanda ya tuna da ita sai da tsohuwar nan ta yi tambayarta.

Mutanen fadama ba su zo gaisuwa ba. Waya ba ta shiga can, kuma ba wanda ya je ya faɗa masu. Bayan sadakar uku Abba ya ɗauki tukunyar ya kai wurin mai gas. Ya dawo fuska a ɗaure. Mai gas ya ce masa tsoho ya kwana biyu bai zo cikawa ba, tun kafin ya kwanta.

"Ke nan raken ya daɗe bai sha ba," Abba ya ce wa Umma. "Wahalar shekara guda. Kuma yanzu ba nashi ba ne shi kaɗai, haƙƙin magada ne, har da Inna. In ya bushe ina kallo, me zan ce?"

"Ka ce hanya ba kyau," in ji Umma. "Kowa ya sani."

"Shi da ya bi ta da tsufanshi bai san ba kyau ba?"

"Shi ai sun san shi. Kai kuwa kallo ɗaya za su yi maka su san albashi kake ɗauka."

"To in sa tsohuwar rigarshi."

"Ka sa tsohuwar fuskarshi ma?"

Baffa ya ce a nemi ɗan haya a tura. An nema, ba wanda ya yarda. Goggo ta yi kuka ta ce rake dai rake ne. Abba ya saurari kowa, sannan ya ce gobe zai tafi. Na gane ba raken kaɗai ke jansa ba. An ce masa hannunsa ba ya tada inji, kuma wanda ya faɗa ya tafi bai janye ba.

Da sassafe Kaka ta kira ni. Tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Na same ta zaune bakin gado, carbin a cinyarta ba ta ja.

"Je ki ce ma wancan..." Ta tsaya. Leɓenta na motsi. Na jira. Na san abin da take son faɗa, ita ma ta san na sani. Shekara hamsin ba ta taɓa nuna wa duniya ta damu da shi ba, yau ɗin ma bakinta ya ƙi. "Ki ce mashi ya karya kafin ya fita."

Na je na faɗa. Abba yana zaure yana fama da tukunyar, ya kwantar da ita a bayan babur. Na ce, "Abba, tsaye ake ɗaure ta." Ya tayar. Na jiƙo buhu na kawo, na riƙe masa bakin igiya. Ya sa tsohuwar rigar Baba Tsoho, ta yi masa gajarta, agogonsa kuma ya bar farin zobe a wuyan hannunsa inda rana ba ta taɓawa. Wannan farin zoben na yi ta kallo. Na so in ce kada ka tafi. Abin da ya fito shi ne, "Allah Ya tsare."

"Amin, Uwata," ya ce. Shi ma haka yake kirana.

An ce in tafi makaranta, na tafi. Ban san abin da aka koyar ba ranar. Ajinmu yana kusa da titi, kowane babur ya wuce sai in waiga. Na yi ta lissafa inda ya kai: yanzu ya fita ƙofar gari, yanzu ya wuce shingen sojoji, yanzu ya bar kwalta. Daga inda ya bar kwalta ban san hanyar ba, sai kaina ya riƙa zana mani ita da kansa, da itatuwa masu duhu da mutane a bayansu. Na tuna mutumin nan mai agogo. Ƙawata ta taɓa ni ta ce malama na kiran sunana. Na miƙe ban ji tambayar ba, aka ce in zauna. A lokacin hutun tara na shiga banɗaki na yi amai.

Da na dawo gida zaure ba babur. Umma na tsakar gida tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke. Wayarta na kan turmi, fuskar a sama. Kowa ya san in an ɗauki mutum, da wayarsa ake kiran gida. Sau ɗaya ta yi ƙara, Umma ta saki kwano ya fashe. Matar Baffa ce ke tambaya ko ya dawo. Aka kira azahar. Aka kira la'asar. Labulen ɗakin Kaka a sake yake, amma ina ganin yatsun ƙafarta ta ƙasansa. A tsaye take a bakin ƙofa, ba ta zauna ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da na ji tarin babur ɗin daga kan kwana. Ba wanda ya ruga. Umma ta zauna daɓas a kan turmi, kan wayar.

Abba ya shigo da laka har gwiwa. Ya kwance tukunyar ya sauke, na ji yadda ta bugi ƙasa da nauyi. A cike take, yadda ta tafi. Ya zo tsakar gida ya tsuguna, ya fuskanci bangon ɗakin Kaka, ya yi magana kamar da Umma yake.

Ya ce da ya isa ya tarar ganyen raken ya fara ja, hankalinsa ya tashi. Ya nemi inji a bukkar da ake ajiye shi, babu. Ba tiyo. Hanyoyin ruwan duk an toshe bakinsu da ƙasa, an daddaɓe. Ya ɗauka sata aka yi. Yana tsaye sai ga Bafulatanin nan ya fito daga cikin shanu. Da ya ji rasuwar ya zauna a ƙasa ya daɗe. Sannan ya kai Abba rugarsa, ya nuna masa injin a lulluɓe, an wanke shi, an naɗe tiyon.

Baba Tsoho ne ya kai masa ajiya da kansa, zuwansa na ƙarshe. Raken ya riga ya ƙosa. In ya kai haka da gangan ake yanke masa ruwa a bar shi da ƙishi, a nan zaƙinsa ke taruwa. In aka ci gaba da shayar da shi sai ya yi lami. Ya kuma riga ya yi magana da masu sara na ƙauyen, in lokaci ya yi su sare su ɗoro a mota har cikin gari. Filin masarar rani kuwa, wanda kowace shekara war haka ya isa shuka, bai shuka ba. Ya ce a saki shanu a ciki. Bai bar komai a fadamar nan da ke buƙatar ruwa ba.

"Baba ya ce mashi," in ji Abba, muryarsa ta fara sauka, "in wani ya zo daga gidana, ka maido shi tun rana na sama. Musamman babban. Ya ce shi zai zo, na san shi, ba ya jin magana."

Ya sa hannu yana ɓamɓare lakar ƙafarsa.

"Na ce mashi ya aka yi ka gane ni ne. Ya ce ai kullum sai Baba ya yi zancenka. Ya ce ɗana kaza, ɗana kaza." "Da sunana. Bafulatanin nan ya kira ni da sunana, ya ce a bakin Baba ya ji."

Tun ranar rasuwar Abba bai yi kuka ba. Shi ya karɓi gaisuwa, shi ya shiga kabari ya karɓi gawar. Yanzu ya kifa kansa a gwiwa cikin gajeriyar rigar, kafaɗunsa na girgiza, ba sauti. Umma ta juya baya. Ni na rasa inda zan sa idona.

Labulen ya motsa kaɗan. Hannun Kaka ya fito da kofin ruwa, ya tsaya a iska. Na taso in karɓa in miƙa, yadda aka saba. Ba ta sakar mani ba.

"Ba ke ba," ta ce. "Shi ya zo ya amsa."

Abba ya tashi ya je ya durƙusa a bakin ƙofar, ya karɓa da hannu biyu.

Har yau da nake rubutun nan ba a kawo raken ba. Yana can tsaye cikin ƙishinsa, kuma ba wanda zai bi hanyar nan daga gidanmu saboda shi. Ban san abin da magada za su yanke a kan gonar ba, kuma in na ce tsoron ya tafi duka na yi ƙarya. Amma yau da safe Abba ya tafi ofis da agogonsa a hannu, na kuma ci abincin rana.

Ya Allah, bawanka ya shekara da shekaru yana kai wa shuka ruwa ta hanyar da ƙafarsa ke rawa a kanta, bai bari ɗansa ya bi ta ba. Ka yafe masa kaifin bakinsa. Ka sanyaya makwancinsa, Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, shan da ba ƙishi bayansa. Mu da muka rage, Ka ba mu lafiyar hanya.